Kwana huɗu a kan Kogin Nilu

Sabon takalmi na sa ranar da muka je Kwarin Sarakuna, makabartar Fir'aunoni da ke Luksor a ƙasar Masar, kafin azahar ƙafata ta yi bororo. In za ka je, ɗauki tsohon da ƙafarka ta saba da shi, da hula da gorar ruwa.

Jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido, irin wanda muka hau, kan tsaya ne gefe da gefe a bakin gaɓa, sai ka ratsa ta cikin biyu ko uku kafin ka kai naka. Ka haddace sunansa. Ni dai na shiga na wasu har ina neman ɗakina!

A Esna, muna jiran a buɗe mana mashigar jirage ta madatsar ruwa, 'yan talla suka kewaye mu da kwale-kwale, suna jefo jallabiyoyi cikin leda har saman jirgi. In ba ka so, jefa musu abinsu. A Edfu kuwa, gama ciniki da mai keken doki kafin ka hau, ka kuma riƙe canjin fam, kuɗin Masar, don kowa na sa ran ɗan ihsani.

Abu Simbel, inda wasu tsofaffin wuraren bautar zamanin Fir'auna suke, na da nisan kusan kilomita 280 daga Aswan. Wajen ƙarfe 4 na dare ɗan jagora ya ƙwanƙwasa mana ƙofa don mu tafi can, sallar asuba ma a hanya muka yi ta.