Tambayoyin da nake yi kafin in ce "ki yi haƙuri"

Na daɗe ina sasanta ma'aurata a wata ƙungiyar mata a Tudun Wada, nan Kaduna. A da, in mace ta zo da kuka, sai in ba ta ruwa ta sha, in saurare ta, in ce zo mu zauna zo mu saɓa, ki yi haƙuri. Har ranar da wata yarinya, uwar 'ya'ya biyu, ta zo da gyale naɗe a wuya cikin zafin bazara, muryarta a dishe. Na zaci mura ce. Na lallashe ta, na raka ta har ƙofar gidan mijinta. Bayan mako uku a gadon asibiti na same ta. Allah ya sa tana da sauran shan ruwa. Har yau in na tuna ban tambaye ta abin da ke ƙarƙashin gyalen nan ba, sai gabana ya faɗi.

Bayan haka ne muka samu horo kan auna haɗari. A can na fara jin sunan Jacquelyn Campbell, wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, wadda tun shekarun 1980 ta tsara tambayoyin da ake gane macen da rayuwarta ke cikin haɗari a hannun miji. Yanzu guda 20 ne. A 2005 a jihar Maryland ta Amurka aka fito da guda 11 da ɗan sanda zai yi wa mace a inda ya same ta, in amsoshin sun yi muni ya haɗa ta da masu taimako ta waya nan take.

Abin da ya girgiza ni shi ne maganar shaƙa. Wani bincike na 2008 a Amurka ya nuna macen da namiji ya taɓa shaƙe ta, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Kuma sau da yawa shaƙa ba ta barin tabo. Disasshiyar murya ce, ko wahalar haɗiya, ko jan ido. Duk na gan su a jikin yarinyar nan, ban gane ba.

Yanzu in mace ta zo, ita kaɗai nake zama da ita, ba miji, ba uwar miji. Inda takardar tambayoyin ta ce bindiga, ina ƙara wuƙa, adda da fetur. Ya taɓa cewa zai kashe ki, ko ya kashe kansa? Ya doke ki kina da ciki? Yana bincikar wayarki, yana hana ki zuwa gidanku? Yana shaye-shaye? In ta kasa tuna lokaci, sai in ce kafin azumi ne ko bayan babbar salla? A haka take ganin dukan da ake yi jefi-jefi ya koma na kowane mako. Sannan in ce: ƙanwata, ke a ranki kina jin zai iya kashe ki? In ta ce e, ba na musu da ita.

Darasin da ya fi mini wuya shi ne yaji. Lokacin da mace ta bar gida, ko ta nemi saki, yana cikin lokutan da aka fi kashe mata. Don haka muna shirya fitar tun kafin ranar: katin asibiti, takardun yara da kuɗin Keke a ajiye wurin maƙwabciya, kuma in rigima ta tashi kada ta ruga kicin inda wuƙaƙe suke. In akwai rauni, ina raka ta cibiyar Salama, mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu, da ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri. Ina kuma gaya mata Kaduna tana da dokar hana cin zarafi tun 2018, kuma kotu na iya ba da umarnin kare ta.

Kwanan baya wani dattijo ya so ya mayar da 'yarsa ɗakinta a daren da ta zo, tun kafin a zo biko. Na durƙusa na ce, "Baba, ba raba aure na zo yi ba. Sau biyu yana shaƙe ta, kuma da wuƙa yake kwana ƙarƙashin filo." Ya yi shiru, ya daɗe yana jan carbi. Can ya ɗaga kai ya ce wa matarsa, "Ki gyara mata ɗakin kusa da nawa."