Wuƙa a Kan Tebur

Sana'armu ita ce rubuta ƙarin dokoki na wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A wasan, mutane suna zama a kewayen tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi, mutum ɗaya yana jan ragamar labari, dayis kuma, wato ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa kamar a ludo, yana yanke hukunci. Mu uku ne a wannan ɗan kamfani, kuma babu aikin da ya sha mana kai kamar dokokin faɗa da wuƙa.

A bugun wasan na 2014, raunin da wuƙa take yi ana auna shi da dayis mai fuska 4, alhali dogon takobi yana da mai fuska 8, wato matsakaicin sukar wuƙa 2.5 ne, na takobi kuwa 4.5. Saboda haka yawancin 'yan wasa sun mai da wuƙa abin ratayewa kawai. Masu gaggawa sai su ƙara mata lamba su ce sun gyara, amma wuƙar da take sara kamar takobi ta daina zama wuƙa.

Kawuna maƙeri ne, kuma a maƙerarsa na fara ganin wuƙar nan da Buzaye suke ɗaurawa a hannu, kubenta haɗe da zoben fata. Ina yaro na tambaye shi amfaninta ga mai takobi, sai ya rungume ni ƙam ya ce in zare sandar da take hannuna in gani. Na kasa ko motsa ta. Daga wannan runguma dokarmu ta fito: idan an kama juna da kokawa, ko an shiga lungun da ba a iya ware hannu, mai wuƙa yana jefa dayis biyu masu fuska 20, waɗanda suke nuna ko hari ya samu, ya ɗauki babban sakamako, mai takobi ko mashi kuma ya jefa biyu ya ɗauki ƙarami.

Ba a dare ɗaya muka kai nan ba. Rubutun farko shafi uku ne, da jadawalin sassan jiki da lissafin zubar jini, kuma ranar gwaji faɗan mutum biyu ya ci mana tun bayan azahar har aka kira la'asar, ɗaya daga cikin 'yan wasan yana gyangyaɗi da fensir a hannu. Muka yi ta yankewa muna sake gwadawa tsawon watanni, har ya koma rabin shafi wanda ake karantawa sau ɗaya a riƙe.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Wani ya kwafe littafinmu ya sauya suna yana sayarwa da arha, kuma don ya nuna nasa ne sai ya bai wa mai wuƙa wannan fifiko a kowane hali, ko a fili ne. Nan take ɓarawon cikin wasa, wato jarumin da aka fi sani da riƙe wuƙa, ya gagari kowa. Masu saye kuma su zo suna taya rabin shafinmu da farashin banza, wai ai gajere ne. Nakan ɗauko musu tsofaffin shafukan nan uku, masu jan biro ko'ina, in ce su zauna mu buga zagaye ɗaya da kowanne kafin mu yi maganar kuɗi.