Jende ya koma gida, Yaya ya hasala

Talata. Ruwa ya hana ni wanki, sai na zauna na ƙarasa littafin Behold the Dreamers na Imbolo Mbue, wanda Yaya ya aiko min tun bara nake ta jan ƙafa a kansa. Ina rufe shi na doka masa waya, ko lissafin ƙarfe nawa ne a wajensu ban yi ba. Ashe tashinsa ke nan daga aikin dare.

"Yaya, na gama fa!"

"To, ya kika gani?"

Na ce ƙarshen ne ya fi burge ni. Jende, jarumin labarin, ɗan Kamaru ne da ke aikin direba a Amurka. Kamfanin Lehman Brothers, inda maigidansa ke aiki, ya durƙushe a 2008, aikin direban ya kuɓuce wa Jende, ya koma wanke kwanuka a gidajen abinci na New York, maganar takardar mafaka kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Sai ya tattara iyalinsa ya koma Limbe, can Kamaru. Na ce wannan shi ne namiji, ya san lokacin da ake haƙura.

Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ban so ba. "Ke yarinya ce. Wa kika taɓa gani ya koma haka? Ya koma ya ce wa mutanen gida me?" Shi wai Neni ce mai gaskiya, matar Jende da ta ƙwallafa rai a kan karatun harhaɗa magunguna, miji ya ja ta gida tana ji tana gani. Na ce to ai marubuciyar 'yar Limbe ce, ita ma hijirar ta yi, ba za ka ce ba ta san abin ba. Na tuna masa rigimar littafin American Dirt a 2020, da marubuta 'yan asalin Meziko suka ce bare ce ta zana su yadda ta ga dama, har kamfanin ɗab'in ya soke zagayen tallar littafin. Ya ce, "Ni ban ce ƙarya ta yi ba. Cewa na yi ba komai ake faɗa ba."

Wannan maganar ce ta tsaya min a wuya har yanzu.

Da yamma Anti ta leƙo, ita ma ta karanta. Nata ra'ayin: a raba wa duk saurayin da ke layin biza kwafi ɗaya, ko Allah zai sa su zauna. Ta ɗauke shi kamar maganin rigakafi. Mu uku, babu wanda ya taɓo yadda aka tsara labarin ko daɗin hirarrakin cikinsa, kowa hujja yake nema wa abin da ke ransa tun da can. Ni ma ina son Jende ya koma ne saboda ina son wani ya dawo, Yaya kuma ya gane hakan tun ban rufe baki ba. Hotunan da yake turo mana kullum cikin dusar ƙanƙara ne, yana murmushi da jibgegiyar riga. Ɗakin da yake kwana ban taɓa gani ba.

Wankin yana nan a jiƙe. Ciwon kai kaɗan.

Inna ta ji muryarsa daga ɗaki, ta tambayi me muke ta musu a kai. Na ce littafi ne. Ta ce, "Ya ce yaushe zai zo?" Na ce bai faɗa ba. Ta ce in miƙo mata maganinta, in kuma daina kiran mutane suna barci.