Fijo 504 ta ƙi tashi: kafin a taɓa kafireta

Motata Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, mai injin lita biyu. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, kuma da aka zo rabon gado na roƙi 'yan'uwa a sa mini ita a kasona. Har yau ita nake shiga. Kusan duk gidan man da na tsaya sai wani ya leƙo ya tambaye ni ina nake samun kayanta, kuma ba ta wahalar da ni wajen tashi? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar gidan mai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mota irin wannan ba ta da kwamfuta, babu inda za a jona mata na'ura ta faɗi ciwonta. Amma ba ta ɓoye shi ga mai saurare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake saurin ɗora wa kafireta laifi. Mota ta ƙi tashi, kafin ka ce kwabo an kwance kafireta, an hura, an murɗa sukurorin da suka shekara zaune lafiya, alhali a yawancin lokutan da na gani matsalar wuta ce.

Fara da kunne. Ka murɗa makulli ka ji ƙas sau ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas a jere, inji bai juya ba, to kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. In suka dushe sosai, wuta ce ba ta isa. Ko batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun tara farin garin nan mai kama da kanwa, ko wayar as da ta ɗaure a jikin mota da inji ta yi tsatsa. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 a mitar awon wuta, kuma in ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da kik ke ja, ya gaji. Zafin bazara na ƙafar da ruwansa, a riƙa dubawa. In kuwa fitilu suna nan tar, ba su ko girgiza ba, batir ba shi da laifi, a nemi mai rewaya ya duba makulli da kik. Kik ɗin da sai an ƙwanƙwasa masa sifana yake juyawa, boroshinsa ne suka cinye, gyaran kuɗi kaɗan ne. Wanda ke zuuu shi kaɗai bai ja inji ba, bendis ne, wato ɗan haƙorin kik da ke cafko inji, bai kama ba. Wannan ɓangaren ba ya ɗaukar lokaci.

Inda ake shan wuya shi ne inji na juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa.

A wata bazara motar ta tsiro da wani hali. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma in na yi 'yar tafiya ta ɗau zafi, sai ta fara cijewa, ta yi tari ta salansa, ta mutu, kuma ba za ta sake tashi ba sai ta huce. Wani matashin bakanike ya wanke kafireta, abin bai canja ba, ya ce a sayo wata. Ban ga laifinsa sosai ba, a kan motocin injekta ya koyi aiki. Sai na kai ta wurin wani dattijo da ya san motar tun tana hannun mahaifinmu.

"Baba, an ce mini kafireta ce."

"Ɗana, wa ya ga wutarta?"

Ya sa muka bar ta a kunne har ta mutu da kanta. Ya cire murfin tukunyar iska, ya leƙa maƙogwaron kafireta, ya ja totur da hannu. Sai ga mai ya yi tsartuwa siriri a ciki. "Ka gani? Mai na zuwa." Ya zare wayar tsakiya daga murfin distributa, ya riƙe ta da filaya mai hannun roba dab da jikin inji, ya ce in tabbatar giya na firi in buga. Tartsatsin da ya fito ja-ja ne, rarrauna, yana yi yana fashi. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara, tas-tas. Ya ɓalle murfin distributa, ya cire rota mai juyawa tana raba wa fulogogi wuta, ya buɗa bakin kontak da farce ya ce in matso. Gefe ɗaya ya yi ɗan tsini, ɗaya gefen ya yi rami daidai girman tsinin, duk sun yi baƙi.

Yadda abin yake, kontak ne ke buɗewa yana rufewa yayin da distributa ke juyawa. Duk buɗewar da ya yi sai ya yanke wutar da ke shiga kwayil, a wannan yankewar ce kwayil ke harba babbar wuta zuwa fulogi. Ɗan ƙaramin gwangwanin da ke maƙale a gefen distributa, wato kondensa, shi ke shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin kontak. In ya lalace, kontak zai riƙa ƙonewa, wutar fulogi ta yi rauni, kuma sau da yawa sai ya ji zafi yake nuna halinsa. Kwayil da ya tsufa ma haka yake yi, shi ya sa ake rikita su.

Kondensan da ke motata sabo ne, ba a daɗe da sa shi ba, na saye shi a wani shago cikin kwali mai ƙyalli. Jabu ne. Baba ya zazzage wani tsohon gwangwanin madara, ya zaɓo kondensa ɗaya da ya ciro daga wata matacciyar Fijo, ya ɗaura. Ya goge bakin kontak da siririn magagari, ya saita tazararsa a 0.4 na milimita da ma'auni, ya gyara taimin, wato lokacin da wuta ke harbawa. Muka zaga gari da tsakar rana, ba ta ko yi tari ba. Kafiretar da aka ce in canja tana nan a motar har yanzu.

Akwai abubuwa biyu na wannan injin da baƙon hannu ke faɗawa ciki. Fulogoginsa suna can ƙasan wasu dogayen bututu da suka ratsa murfin inji. Da damina, ko bayan an wanke inji da tiyo, ruwa kan kwanta a ciki, wani lokaci baƙin mai ne ke tsiyaya, sai wuta ta bi jiki maimakon ta shiga fulogi. A busar da su, a goge cikin murfin distributa da busasshen tsumma. Na biyu, jerin wutarsa 1-3-4-2 ne, amma Faransawa daga baya suke fara ƙirga, silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci. Wanda ya zare wayoyi huɗu gaba ɗaya ya ƙirgo daga wajen lagireto zai iya wuni yana buga kik. Ni ɗaya bayan ɗaya nake canja su.

In wuta ta yi kyau, sannan a koma kan mai: famfon mai da inji ke turawa, matata, tsatsar tanki, tsagaggen tiyo mai zuƙar iska. Da hunturu a ja cok, amma in an ji warin fetur ya cika wuri to ta sha ta ƙoshi, a mayar da cok, a danne totur har ƙasa a buga. Roƙona ɗaya, a daina ɗura fetur a bakin kafireta wani na buga kik. Na ga gaban mota ya kama da wuta ta haka.

Batun kaya kuwa, mai 504 ya fi masu sauran tsofaffin motoci sa'a. A 1968 ta fito a Faransa, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin haɗa Fijo na PAN da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin 504 Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. A zamaninta ita ce motar gwamnati, ita ce ta tasha, ita ce a-kori-kura mai dakon buhuna. Ga 505 mai kafireta da suke injin gida ɗaya. Saboda haka kayan inji ba su ƙare ba. Ina samu a Panteka a nan Kaduna, in ya faskara in je Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya gagara nan kuma 'yan kasuwa na sa a turo daga Ladipo a Legas ko Nkpor kusa da Anaca.

Abin da na tsaya a kai shi ne, duk abin roba sabo nake saya: tiyo, fambel, robobin birki, har da fulogi. Amma distributa da kik da kwayil da kafireta, na fi yarda da tsohon asali da aka ciro daga wata mota. Ka juya shi ka ga sunan kamfanin da ya ƙera shi, Ducellier ko Paris-Rhône ko Solex, a jikin ƙarfen, ka ji nauyinsa a hannu. Kik a jona shi da batir a gabanka. Distributa ka kama sandarta ka girgiza, in tana lilo ka ajiye, don babu saitin kontak da zai zauna a kanta. Kuma kada ka tafi kasuwa da suna kawai, tafi da tsohon a leda. Ba kamfani ɗaya ya yi wa Fijo distributa ba, kontak ɗin wannan ba ya hawa waccan, ko da mai shago ya rantse duk ɗaya ne.

Abin da ke wuyar samu yanzu kayan jiki ne: fitilun baya, robar gilashi, hannun ƙofa, agogon gaba. Kullum 'yan gwangwan na sare gangar jikin 504 ana aunawa a sikeli, kuma abin na damuna ƙwarai, domin abin da aka narkar ya tafi ke nan. In na ji za a yanka wata, nakan je in ciri abin da zan iya, ko ban buƙace shi a lokacin ba.

Abokai na ta ba ni shawarar in sa distributa marar kontak, irin ta motocin da suka biyo bayanta, in huta. Shawara ce mai kyau, kuma wanda zai yi ya haɗa da kwayil ɗinta, amma kada a ɗaura irin wannan kwayil ɗin a kan kontak, don ƙona kontak ɗin yake yi. Ni dai ban canja ba tukuna. Kontak ko a dajin Birnin Gwari ya mutu zan iya gyara shi da sukundireba, kuma akwai saiti ɗaya da rota da tsohon kondensa mai kyau a aljihun gaban motar.