Kwana huɗun da ban manta ba a sashen tura kuɗi

Jiya na miƙa katin shiga ofis da makullin durowata, shekara shida kenan a sashen tura kuɗi zuwa waje na bankinmu. Waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya sun san aikin, ba sai na tsaya lissafi ba. Abu ɗaya ne har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, kuma saboda yaran da aka ɗauka kwanan nan nake rubuta shi.

Wata Alhamis ce, ban cika shekara da fara aiki ba. Wani dattijo ya zo zai biya kuɗin tiyatar matarsa a wani asibiti a Jamus, sun ce sai kuɗi sun shiga za su sa rana. Takardunsa cif. Tun da hantsi na shigar da komai na tura layin oga ya sa hannu, kun dai san tsarin, mai shigarwa daban mai amincewa daban. Dattijon ya ce "ɗana yaushe za su gani?" na ce Baba ai yanzu komai kwamfuta ce, yau ko gobe da safe sun gani. Ya yi ta sa min albarka ya tafi.

Sau biyu ina leƙa ofishin oga, yallaɓai akwai na Yuro guda ɗaya na gaggawa ne, ya ce ya ji. Bai sa hannu ba sai da lokacin rufe karɓa ya wuce. Ni kuma a raina na ce to ba komai gobe Juma'a ai ranar aiki ce, ban duba kalanda ba, ashe Juma'ar Ista ce. TARGET2, wato hanyar da bankuna ke biyan juna Yuro a lokacin (tun 2023 T2 ake ce mata), ba ta aiki Asabar da Lahadi, ba ta aiki 1 ga Janairu, Juma'ar Ista da Litinin ɗinta, 1 ga Mayu, da 25 da 26 ga Disamba. Kuɗin Baba sai Talata.

Ranar Asabar ya kira ni, an cire kuɗi a asusunsa ya ga alat, can kuma sun ce ba su ga komai ba, yana tambayata a hankali ko dai ɓata suka yi. Wallahi ban san me zan ce masa ba, don ni kaina a lokacin ban gane ba.

Daga baya wata tsohuwar ma'aikaciya a sashen daidaita lissafi ta zaunar da ni, Allah ya saka mata. Ta ce abin da kake turawa saƙo ne fa ba kuɗi ba. SWIFT, kafar da bankuna ke aika wa juna umarnin biya, tun 1973 da aka kafa ta a Beljiyam saƙo take kaiwa, kuma saƙo cikin daƙiƙu ya isa. Kuɗin gaske suna motsi ne a asusun da bankuna ke da shi a wajen junansu da kuma a babban banki, in littafin can a rufe yake to saƙonka zai je ya zauna ne kawai yana jira. Dala ma haka, Fedwire, hanyar biyanta a Amurka, Litinin zuwa Juma'a ne, CHAPS ta biyan Fam a Ingila haka.

Na ce to me ya hana a bar shi a buɗe tunda inji ba ya gajiya? Nan ne na fi ƙaruwa. Banki ba ya zama da tulin kuɗi a babban banki, abin da zai ishe shi biyan ranar yake ajiyewa, in ya gaza ya ranto a kasuwar bankuna ko a babban bankin, kuma kasuwar nan Asabar da Lahadi ba kowa, kasuwar canji ma haka. Ga rufe littafin rana, dole kowane biya ya samu kwanan watan da za a fara lissafa masa ruwa, tsofaffin kwamfutocin bankuna da yawa kuma a dunƙule suke aikin nan da dare, gyara da sabuntawa duk ƙarshen mako ake bari. Sannan in sistem ya tsayar da wani biya saboda suna ya yi kama da na wanda aka sa wa takunkumi, mutum ne zai buɗe ya duba, mutumin kuma yana gidansa. Ɓarayin da suka kwashe dala miliyan 81 na babban bankin Bangaladash a Fabrairun 2016 giɓin nan suka bi, Juma'a hutu a Daka babban birnin ƙasar, Asabar da Lahadi hutu a New York inda asusun bankin yake, Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Sin a Filifin inda kuɗin suka sauka.

Eh na san akwai hanyoyin biya masu aiki dare da rana, Faster Payments a Birtaniya tun 2008, UPI a Indiya 2016, Pix a Burazil 2020, FedNow a Amurka 2023. Amma su ma sai banki ya tanadi kuɗi tun kafin hutu, kuma galibi cikin ƙasa ɗaya suke yawo da kuɗi iri ɗaya, da zarar ka tsallaka iyaka yawanci ka koma hannun kalandar mutane.

Ranar Talata oga ya ba ni kwiri, wato takardar tuhuma, a gaban kowa, wai na makara wajen shigarwa. Na buga rahoton sistem, lokacin da na shigar da lokacin da ya sa hannu duk suna nan ɓaro-ɓaro, na haɗa da amsata. Ba wanda ya ce min komai, kwirin kuma yana cikin fayil ɗina har jiya. Laifina na sani, alƙawarin da na yi wa Baba da rashin duba kalanda, na kuma je na ba shi haƙuri da bakina, an ɗaga tiyatar amma alhamdulillah an yi lafiya. Zargin makara kam ban karɓa ba kuma ba zan karɓa ba.

Sauran shawarwarin ga sababbin ma'aikata ƙanana ne. Kar ku ce wa kwastoma "ya tafi", ku faɗa masa ranar da zai shiga. Tunatarwa ku yi ta a imel, ta baki ba ta da shaida. Na gaggawa in ya makale a layi ku wuce zuwa na sama da ogan ko da zai ɓata rai.

Tun ranar na liƙa takardar hutun Yuro da Dala da Fam a gefen kwamfutata, duk Janairu in sabunta, kuma cikin shekara biyar da suka biyo ba biya ɗaya da ya kwana hutu ta hannuna ba tare da mai shi ya sani tun farko ba. Na bar ta a liƙe don wanda zai zauna kujerar. Oga kuma da na shiga sallama hannu kawai ya miƙo min, idonsa na kan waya.