Na je Apapa na ga inda Auta yake tsayawa

Autana sojan ruwa ne. Shekara huɗu ke nan da ya gama horo a Onne, can jihar Ribas, aka tura shi Legas, kuma a shekarun nan babu abin da ke tayar wa mahaifiyarsa hankali irin ta kira wayarsa ta ji ta a kashe. Sai a yi mako biyu, wani lokaci uku, babu labari. In ya kira kuma amsar ɗaya ce: "Umma, muna ruwa ne." Ni kaina na sha yi masa faɗa, don a ganina ko a ina mutum yake ai ya nemi hanyar gaida iyayensa. Shi ya sa da ya ce a makon bikin sojan ruwa, wanda ake yi daga ƙarshen Mayu zuwa 1 ga Yuni, ana buɗe jirage ga iyalai da baƙi, kuma ya ba da sunana, ban yi wata-wata ba.

Hajiya ta kwana biyu tana haɗa tsaraba: dambun nama, kilishi, yajin daddawa, da kuka a ƙulle cikin leda uku. Daga Tudun Wadar Kaduna na hau Keke Napep zuwa Mando, muka tashi bayan la'asar. Hanyar ba ta da abin faɗi sai gajiya da shingayen jami'an tsaro. Mun bi ta Abuja, muka haye kogin Kwara a gadar Murtala da ke Jamata cikin dare, sai Lakwaja, Okene, Ibadan. Hantsi ya yi mana a Ikko, kamar yadda iyayenmu ke kiranta. Na sauka wurin wani ɗan'uwanmu a Alaba Rago, kuma tun a ranar na fara jin rugugin helikwafta a sama. Mai masaukina ya ce ai sansanin jiragen sama na sojan ruwa nan Ojo yake, maƙwabtansu ne.

Washegari da sassafe muka ratsa tsakanin tireloli da tankoki muka shiga Apapa. Abin da ya fara kama ni a bakin tashar shi ne sunayen jiragen. Auta yana nuna mini yana lissafawa, har da waɗanda ba sa nan a ranar: Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya zo a farkon shekarun 1980, da Kyanwa, da Dorina, da Damisa. Sai Kada, mai tsawon mita 100, wanda aka ƙera a Sharja ya iso a 2022, kuma a shekarar ya kai kayan sojojinmu ƙasar Gini Bisau. Na tsaya ina maimaita sunan a raina. Garinmu daga kada ya samo suna. A Kaduna ne kuma makarantar horar da hafsoshi take tun 1964, yawancin waɗanda ke ba da umarni a jiragen nan sun sha ƙurar hunturunmu kafin su ga teku, ga kuma makarantar makamai ta sojan ruwa a Kachiya. Ashe dangantakarmu da ruwan nan ta fi yadda na ɗauka.

Jirgin su Auta ɗaya ne daga cikin jiragen sintiri biyu da aka ƙera a Sin, tsawonsa mita 95. A gaba akwai igwa, a tsakiya ɗakin tuƙi, a baya kuma wani fili shimfiɗaɗɗe da aka zana wa da'ira da farin fenti. Faɗinsa bai kai filin ƙwallon yara na unguwarmu ba.

"Baba, nan ne wurin aikina," in ji shi.

Aka kwance igiyoyi muka fita. Muddin muna cikin mashigar tashar lafiya lau, amma da muka wuce dogayen duwatsun da aka jera don kare bakin ruwa, sai jirgin ya fara hawa yana sauka. Ni ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Kaduna in ya cika a watan Agusta. Wannan kuwa babu gaɓa, babu bishiya, sai shuɗi har inda ido ya ƙare. Na riƙe ƙarfe na yi ta salati. Wani babban soja ya miƙo mini busasshen biskit ya ce, "Alhaji, ka riƙa kallon can nesa inda sama ta haɗu da ruwa." Na bi maganarsa, cikina ya lafa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka yi shela a lasifika cewa helikwafta zai sauka, sai na ga jirgin gaba ɗaya ya canza. Aka ce kowa ya cire hula, har ni da zanna-bukar ɗina na tura ta aljihu, aka mayar da mu baƙi wani wuri daga sama inda muke hangen filin. Sojoji suka kwantar da ragar da ke kewaye da shi ta koma waje kamar faranti. Sannan suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafiya a hankali, idonsu a ƙasa, suna tsince duk abin da suka gani, ko zare ne ko ɗan ƙusa. Daga baya Auta ya ce mini ƙusa guda in iskar farfela ta ɗauke ta, ko ta shige inji ko ta huda mutum. Masu kashe gobara biyu suka tsaya da mesa a hannu, sanye da kaya masu ƙyalli. Kyaftin ya juya jirgin ya fuskanci iska, domin matuƙi ya fi samun iko in iskar tana zuwa masa ta gaba, kuma akwai iyakar tangaɗin da in jirgi ya wuce ta ba a yarda a sauka.

Sai ga helikwaftan ya ɓullo, ƙirar Agusta na Italiya, ƙarami daga nesa kamar mazari. Bai faɗo kai tsaye ba. Ya zo ta baya ya tsaya a gefe yana shawagi, yana tafiya daidai da tafiyarmu, ruwa na tashi fari a ƙarƙashinsa. Wani soja mai sanda biyu a hannu ya tsaya a gabansa yana yi masa ishara. Filin yana ɗagowa yana nutsewa, matuƙin yana jira. Ya matso, ya dakata, ya sake jira. Da jirgin ya ɗan natsu tsakanin igiyar ruwa da 'yar'uwarta, sai ya dire tayoyinsa cikin da'irar nan.

A nan ne zuciyata ta tsinke. Mai sandunan ya yi alama, mutum huɗu suka fito a guje a duƙe, kowa da sarƙa a kafaɗa, farfela na juyawa a saman kawunansu. Duk da kwalkwali da tabarau na gane gudun Auta, gudun da yake yi tun yana ɗan firamare in an aike shi. Ya durƙusa gefen taya, ya maƙala ƙugiya a jikin helikwaftan, ya maƙala ɗaya a ƙasan filin, ya ja ya ɗaure, ya ɗaga babban yatsa. Duka bai kai rabin minti ba. In ba a ɗaure da wuri ba, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta zame da shi zuwa teku da mutanen ciki. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Bayan azahar muka zauna ni da shi a wani lungu, na buɗe masa dambun uwarsa, abokansa suka kewaye mu. Na tambaye shi alƙibla, ya ce sukan tambayi ɗakin tuƙi inda jirgi ya dosa kafin su tayar da salla. Na tambaye shi batun waya. Ya ce, "Baba, duba taka." Na duba, babu sabis ko sanda ɗaya, alhali ba mu yi wani nisa ba. Su kuwa sukan yi kwana da kwanaki a can ciki, suna karɓa-karɓar gadi dare da rana. Gaɓar tekun Najeriya kilomita 853 ce, kuma haƙƙinta na tattalin arziki ya kai mil 200 na teku daga gaɓa. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da 'yan fashin teku suka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Ga ɓarayin ɗanyen mai, ga masu kamun kifi ba izini. Kwalekwalen 'yan fashi ya fi babban jirgi gudu, shi ya sa ake tura helikwafta ya riga kowa zuwa ya gano abin da na'ura ta hango, kuma in wani ya ji rauni shi ke kai shi asibiti. Mu da muka san abin da garkuwa da mutane ta yi mana a hanyar Abuja da Birnin Gwari ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan iyalan waɗancan mutum 130.

Na kama hannunsa na juya tafin. Duk kanta ne, da tabon sarƙa a gindin yatsu.

"Auta, Allah ya yi maka albarka. Faɗan da na riƙa yi maka, ka yafe mini."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ai ba ka yi mini komai ba."

Kwana biyu bayan nan na dawo Kaduna cikin yayyafi. Tun ban aje jaka ba Hajiya ta tambaye ni ko ya rame. Na ce ya yi baƙi dai, amma ƙalau yake. Na ba ta labarin sunayen jirage da biskit da alƙibla. Labarin sarƙar sai da na bari ta idar da sallar isha na zauna kusa da ita na faɗa mata a hankali. Ranar Talatar da ta wuce ya kira ya ce za su fita. Yau kwana shida wayarsa a kashe, ita kuma ta soya wani dambun tana cigiyar mai zuwa Legas.