Yadda Muka Tsara Makewayin Inna da Hausar da Kowa ke Ji

Da damina ta wuce bara, na yi niyyar gina wa mahaifiyata sabon makewayi kusa da ɗakinta a gidanmu na unguwar Ali Ɗan Sofo, domin ciwon gwiwa ya sa zuwa tsohuwar salga da ke ƙarshen gida ya zame mata wahala, musamman da dare. Na kira magini da mai aikin famfo, suka duba wurin, bayan kwana biyu suka kawo mini takardar lissafi da Faransanci. Na yi boko daidai gwargwado, saboda haka na ji kunyar in ce ban gane "pant" da "sifon" da "antiderapan" ba. Na gyaɗa kai kamar wanda ya fahimta, na ba da kuɗin somin aiki.

Kuskuren farko ya fito ne daga bakina. Na ce musu ina son "dush", ina nufin ɗaki guda mai wurin wanka da wurin biyan buƙata, kamar yadda da yawa daga cikinmu ke faɗa a nan Maraɗi, su kuwa suka ɗauka wurin wanka kawai nake nufi. Sai da aka haƙa tushe aka jera bulo layi uku na lura babu inda aka bar wa bututun masai hanya. Aka rushe gefe guda, buhun siminti biyu suka tafi a banza, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Inna ce ta gyara mana zama. Ta sa aka kawo mata kujera bakin aikin, ta dubi mai famfon ta ce, "Ɗan nan, ni ban san yarenku ba. Gaya mini da Hausa, ina ruwan wanka zai bi, ina zan aje buta, kuma in na zauna ina zan fuskanta?" Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, bari in zana miki a ƙasa." Ya ɗauki kara ya zana ɗakin a kan rairayi, mu duka muka tsuguna muna kallo.

A nan ne na gane cewa "pant" gangara ce kawai: a karkatar da daɓe wajen rariya da kamar santimita 2 a kowace mita, wato a ɗakinmu mai tsawon mita 2 bambancin bai wuce faɗin yatsu biyu ba, amma in babu shi ruwa kwanciya zai yi. "Sifon" kuwa lanƙwasar bututu ce mai riƙe ɗan ruwa a cikinta koyaushe, ruwan nan shi ke tare wari da kyankyasai kada su dawo daga rami. Da na san haka tun farko, da ban yi tunanin cire shi daga lissafi don rage kuɗi ba, abin da na kusa yi. "Antiderapan" shi ne karo, wato tayil ɗin daɓe, mai kaushi wanda ba ya santsi in ya jiƙe, kuma da Inna ta ji haka ta ce a mayar da mai sheƙin da na zaɓa, ita ba ta son faɗuwa don ado.

Tambayarta ta uku babu ita a takardar ko kaɗan. Alƙibla daga Maraɗi tana gabas ne da ɗan karkata arewa, zanen farko kuwa ya sa mai zama ya ba ta baya. Aka juya mazaunin ya dubi kudu. Haka nan aka bar maganar "turk" da "angile", aka koma cewa na tsuguno da na zama, ta zaɓi na zama saboda gwiwarta, ta kuma nemi ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa inda za ta cika buta ba tare da ta ɗaga bokiti ba, da ƙarfen dafawa a jikin bango.

A kasuwa ma na sake cin karo da matsalar. Takarda ta ce bututu mai lamba 100, wato milimita, yaron shago kuma ya tambaye ni ko inci 4 nake nufi, domin kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa da inci ake kiransu. Girmansu ya yi kusa, amma ba kowanne ke shiga bakin ɗan'uwansa ba. Tun daga ranar nake yanko guntun bututun in tafi da shi a aljihu in ce, "Irin wannan nake so."

Kafin a manna karo, na roƙi mai famfon ya zuba bokitin ruwa a kan daɓen a gabanmu. Ruwan ya gangara rariya, sai ɗan kaɗan da ya tsaya a kusurwar bayan ƙofa. Inna ta nuna wurin da sandarta, magini ya kwaɓa siminti ya cike shi kafin la'asar.